Yadda nake shirya wayata kafin in bar Kano

Shadda da leshi nake sayarwa a Kantin Kwari, kuma sarin kaya kan kai ni Guangzhou da Dubai, wani lokacin Legas. Kusan duk cinikin shagon ta waya yake bi, daga hoton kaya har alat. Shi ya sa tun kafin a sauko da akwati nake fara shirya layina.

Layin da BVN da NIN ɗina suke kai shi ne uwa uba. Ta nan banki ke turo OTP, wato lambar tabbatarwa ta amfani sau ɗaya, ta nan WhatsApp ke turo lambobinsa 6, ta nan ake canza kalmar sirrin Gmail. Ɓarawon da ya zare sim ya sa a ƙaramar waya babu ruwansa da makullin fuskar wayarka. Don haka na sa wa sim ɗin lambar sirri tasa ta daban. In an yi kuskure sau 3 ya kulle, sai da PUK, lambobi 8 ɗin nan da ke jikin katin da aka ɓalle sim daga ciki. Mutane a ƙofar ofis suke yar da katin. Nawa yana durowar uwargida. Nakan kuma tabbatar an buɗe min romin, wato layin ya riƙa aiki a ƙasar waje. In kuwa layi ya salwanta a can, walkam bak, wato sake karɓar lambarka a sabon sim, sai ka dawo ka je ofis da ƙafarka.

Abin da ya sami maƙwabcina a kasuwa shi ya sa na ƙara ɗaure ɗamara. Yana zaune a filin jirgin Malam Aminu Kano zai tashi Umra, sai ga kira: "Alhaji, Allah ya kai ku lafiya. Mun buɗe wa ayarinku zaure a WhatsApp, an turo maka lambobi, karanto min in saka ka." Mutum ga jaka, ga fasfo a hannu, ana kiran layi, ya karanto, ashe da lambobin nan ɗan damfara zai ɗora WhatsApp ɗinsa a wata waya. Jirgi na ɗagawa zuwa Jidda, saƙo ya faɗo wayar yaron shagonsa da hoton Alhaji da komai: an riƙe ni a wajen awon kaya, tura naira 300,000 wannan asusun yanzu. Yaron ba sakarai ba ne, sai da ya kira, ya ji waya a kashe. To, ina wayar mai tafiya za ta shiga? Ya tura. Tafiyar ce ta sa ƙaryar ta zauna daram, kuma 'yan damfara sun san haka sarai.

Ni na kunna tabbaci mai mataki biyu a WhatsApp, lambobi 6 da ni na zaɓa, waɗanda za a nema in wani ya so ɗora lambata a wata waya. Sannan na zaunar da yarona na ce ko sisi kada ya fita a kan rubutu, sai ya ji muryata kuma na faɗi wata kalma da mu biyu muka ajiye. Ya ce, "Maigida, in kai ne da gaske kuma kana cikin matsi fa?" Na ce gara in kwana a filin jirgi.

China kuwa tata matsalar daban ce. Google da Facebook da WhatsApp a toshe suke, sai WeChat, don haka abin da ba ka gyara a Kano ba, can zai ba ka wuya. Google na bayar da lambobin ajiya guda 10 na shiga asusu in lambar tabbatarwa ba ta iso waya ba, kowacce mai alƙaluma 8, sau ɗaya ake amfani da kowacce. Na kwafe su a takarda ba tare da rubuta na mene ne ba, na ajiye nesa da wayar.

Kalmar sirri kuma, kowane asusu da tasa. Jimla nake haɗawa da kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangi da juna, babu sunan ɗa, babu shekarar haihuwa. Ina kauce wa ƙ da ɗ da ɓ, saboda ba kowane allon rubutu ke da su ba.

Wayfai ɗin otal na kallon labarai ne. Manhajar banki da datata nake buɗewa. In za a buga min tikiti a wajen masu buga takardu, takardar nake turawa, ba na shiga imel ɗina a kwamfutarsu. Ejan da ya ce in faɗo kalmar sirri ya cike min fom, nakan karɓi wayar in rubuta da hannuna, ko da ransa zai ɓaci. A tashar Unguwa Uku ma ba na barin waya wajen mai caji, da fawabank ɗina nake yawo. Hoton tafiya sai na dawo nake ɗorawa.

Ina sauka Kano nakan duba jerin na'urorin da ke haɗe da WhatsApp da Google. Duk wadda ban gane ba in fitar da ita, in canza kalmar sirrin asusun nan take.