Godiya Ga Waɗanda Suka Tsaya Mana a Taron Masu Raunin Laka

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, taron da muka shirya wa masu raunin lakar baya da iyalansu, albarkacin ranar 5 ga Satumba da duniya ta ware musu, an yi lafiya an tashi lafiya. A madadin kwamiti, muna miƙa godiya ga mai unguwa da limamin Juma'a da suka yi mana shela, da matasan da suka yi jigilar majinyata daga gidajensu har suka mayar da su.

Godiya mafi girma ta matan gida ce: iyaye, matan aure, da 'yan matan da wasunsu har makaranta suka bari saboda jinya. Wanda ya san harkar nan ya san cewa talaka da ya samu rauni a laka, sau da yawa ba raunin ne ajalinsa ba, abin da ya tarar a gida bayan sallama ne. Galibi magidanci ne mai fita nema, ɗan acaba ko direba ko lebura. Ranar da ya kwanta, abinci ya tsaya, kuɗin haya ya tsaya, jinya kuma ta faɗa kan mutum ɗaya. To mutum ɗaya ba zai iya juya majinyaci duk bayan awa 2 dare da rana ba, nan gyambon kwanciya yake samun ƙofa. Shi ya sa muka ji daɗin maƙwabtan da suka amince a raba kwanan jinya. Allah Ya saka muku da Aljanna.

Muna godiya ga ma'aikatan jinya da likitocin gashin ƙashi da suka durƙusa a kan tabarma suka nuna komai da hannu. Ga waɗanda ba su samu zuwa ba: a duba fata safe da yamma, musamman tsatso, kwatangwalo da dunduniya. Idan wuri ya yi ja ko ya yi duhu, aka ɗaga nauyi daga kansa minti 30 bai koma daidai ba, gyambo ya fara, kada a sake kwantar da shi ta nan, kada kuma a murza. Wanda ke kan keken guragu ya riƙa ɗaga jiki ko karkata duk minti 15 zuwa 30. Jakar fitsari kullum ta zauna ƙasa da mara, robar da ke fitar da fitsari daga mafitsara kada ta lanƙwashe, kuma a sauya robar kamar duk mako 4. Mun san kuɗin roba ne ke sa a bar ta wata biyu, amma kuɗin jinyar ƙoda ya ninka shi nesa ba kusa ba. Wasu kuma rage shan ruwa suke yi don kunyar jiƙa shimfiɗa, wannan ma kiran cutar mafitsara ne.

Abu guda da ba mu so a manta: wanda rauninsa ya kama daga tsakiyar ƙirji zuwa wuya, idan ciwon kai mai sara ya taso masa farat ɗaya da gumi, jininsa ne ya hau. A zaunar da shi, a sassauta tufafi, a duba ko roba ta toshe ko bayan gida ya taru. In bai lafa ba, sai asibiti nan take.

Magina da masu walda da kafintoci, sannunku da ƙoƙari. Gidajenmu ba a gina su da tunanin keke ba: dokin ƙofa mai tudu, soro mai kwana, masai na tsuguno. Mutum sai ya shekara bai ga ƙofar gida ba, ba masallaci, ba majalisa, daga nan damuwa ta kama shi ya daina cin abinci. Kun nuna cewa ƙofa mai faɗin santimita 80 zuwa 90 ta isa, gangare kuma duk tudun santimita 10 a ba shi tsawon santimita 120, in ya fi haka miƙewa keken baya zai kife. Kujerar da kuka huda don ɗorawa a kan masai, ita ce abin da mata suka fi yi wa addu'a.

Masu ba da kekuna, mun gode, amma muna roƙo a riƙa auna mutum kafin a saya, a kuma haɗa da matashin zama. Keke ba matashi gyambo yake jawowa.

Sauran aikin na hukuma ne. Tun Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci a Najeriya, da wa'adin shekara 5 na gyara gine-ginen jama'a. Wa'adi ya cika, har yanzu ciccibar mutane ake yi a matakala.

Sanyi na tafe, don Allah a nisanta kaskon wuta da ruwan zafi daga ƙafar da ba ta ji. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara wa masu jinya haƙuri. Amin.