Abin da furojet ɗin kyarketai ya koya min

An gama difens, maki ya fito, amma wallahi har yau abin da sufabaiza na ya yi wa babi na uku yana ci min rai. Shi dai teburin abubuwan da ke shafar rayuwar kyarketai yake so, marasa rai gefe masu rai gefe, sanyi da dusar ƙanƙara nan, abinci da cuta can, shi kenan. Ya sa jan biro ya soke min duk bayanin tsibirin Isle Royale na tafkin Superior a Amurka, wai na cika kawo labari, alhali nan ne ainihin aikin yake.

Tun 1958 ake bibiyar kyarketan tsibirin nan da katuwar barewar da suke ci, wadda ake kira mus. In hunturu ya yi tsanani tafkin kan daskare har kyarkeci ya taka ƙanƙara ya ƙetaro daga Kanada, a 1997 wani namiji ya shigo ta haka ya kawo sabon jini, to da daskarewar ta ragu sai barbara ta koma tsakanin 'yan uwa, aka riƙa haifar masu lalataccen ƙashin baya, zuwa 2016 saura biyu kacal, sai a 2018 aka fara kwaso wasu ana kawowa. Don Allah a wane gefen teburi zan sa wannan? Ƙanƙara ce ba ta da rai, amma ita ke yanke wa zai haihu da wa.

Haka dusar ma, mutane na ɗauka sanyi ne ke wahalar da kyarkeci, ina, shekarar da ta yi zurfi mus ne ke nutsewa ya galabaita, kyarkeci kuwa da faɗin tafinsa yana tafiya a kan ɓawon da ya daskare, ya ci ya ƙoshi. Shekarar ɗumi kuma kaska ke yawa ta tsotse jinin mus har gashi ya zube. Cutar parvo ta karnuka ma ta shiga, kyarketan daga 50 a 1980 suka dawo 14 a 1982.

Sauran darussan ƙanana ne, ka ajiye kwafin duk abin da aka sa ka goge, kuma kar ka yi gardama da oga a gaban ɗalibai. Teburin na yi masa tunda sa hannunsa nake nema, amma ranar difens malamin da aka gayyato daga waje tambayar ƙanƙarar tafkin nan ya fara yi min, na amsa tsaf, oga yana zaune bai ɗago kai ba.