Sai a karo na uku burukutuna ta tashi, sanyin Vom ya ci min mudu 14

'Yan uwa yau kam ku taya ni murna, tukunyata ta tashi. Biyar da rabi na asuba na fita tsakar gida da tocila, zani biyu a jiki, haƙora na haɗuwa, na ɗaga buhun da na rufe bakin randar sai ga kumfa ta taru tana ta tsiii a hankali, ƙanshin nan ya bugi hancina. Na tsaya ni kaɗai ina dariya kamar zararriya, har kare ya fito yana kallona.

Niyyata tun farko a sha ta ranar Kirsimeti, ga mu yau tsakiyar Janairu.

Tsiro bai ba ni wahala sosai ba, illa dai maimakon kwana 4 ko 5 sai da ya yi 7, saboda iskar hunturu na busar da saman dawar, dole na koma yayyafa ruwa sau uku a rana. Shanya kuma a wannan lokacin ai kyauta ce, kwana biyu ya bushe ƙarau. Ku dai daure ku murje saiwar da 'yan ganyen ku sheƙe kafin niƙa, irin gubar da ke cikin rogo mai ɗaci akwai ta a tsiron dawa, ni ba na ƙiwa a nan.

Inda ta kashe ni shi ne daren tsami. Na tsame ruwan da ya taso saman ƙullun na ajiye, na dafa mai kaurin, na mayar na haɗe, zaƙi ya fito yadda ake so, na bar shi ya kwana a cikin gangar ƙarfen kamar yadda na ga ana yi a watan Maris. Da safe na sa yatsa, wallahi kamar ruwan rijiya, zaƙi zalla babu ko alamar tsami. Na ce to a ƙara masa kwana ɗaya mana, ai kuwa washegari ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa ga wani wari da ban san sunansa ba, mudu 8 na jar dawa haka na juye wa aladun maƙwabta. Karo na biyu na rage zuwa mudu 6, na ce tsami ko ba tsami zan wuce, na yi dahuwa ta biyu na zuba guntun tsohuwar burukutu da na roƙo, kwana biyu shiru kamar an shuka dusa, na zuciya na sayo yis ɗin burodi na barbaɗa, na jawo gangar gindin wuta, gefe ɗaya ya yi zafin da ba ka iya taɓawa ɗaya gefen sanyi ƙalau, abin da ya fito ba kunu ba ne ba giya ba ce. Na yi kuka ranar, ba na ɓoyewa. Ba ma dawar ba, itacen. Iska na kwashe wutar gefe, itacen dubu huɗu da ya kamata ya kai ni dahuwa biyu a ɗaya ya ƙare.

Abin da ya buɗe min ido ɗan ma'aunin zafi ne irin na masu girki, na saya a Bukuru dubu uku da ɗari biyar ina ta mita. Karo na ukun na hana kaina barci ina rubutawa a bayan kalanda. Tara na dare zafin gangar digiri 48, goma sha biyu 30, a lokacin iskar waje tana 12. Garinmu Vom a jihar Filato ta haura mita 1,200 a tudu, ƙarfe kuwa ba ya riƙe amana, da wuta ta mutu ya saki zafin. Ƙwayoyin da ke kawo tsami mai kyau suna son wajen 40 zuwa 50 ne na tsawon awanni, in ya faɗi ƙasa sai su kwanta wasu marasa kirki su karɓi aiki, yauƙin nan nasu ne. Shi kuma yis nasa ɗumin daban, 25 zuwa 30, in ka kai shi can sama ya mutu, in ya sauka ƙasa da 15 ya yi barci. Ashe ɗumi iri biyu nake nema a dare biyu, ni kuma ina yi musu kuɗin goro.

Ina tsugune da tocila a wannan sha biyun daren sai ga surukata ta leƙo, ta kalli gangar ta kalle ni ta ce, "Amarya, ke kya iya kwana a waje tsirara a watan nan?" Na ce a'a Mama. Ta ce to ita me ta yi miki. Ita da ba ta san lamba ko ɗaya ba. Muka sake hura wuta kaɗan muka ɗumama shi, ta sa na ɗauraye randar ƙasa da ruwan zafi, muka juye a ciki, muka ja garwashin gefe muka girke randar a kan tokar murhun, ƙaiƙayin dawa muka tula kewaye har wuya, buhun algarara uku a sama, zana kuma aka kafa ta wajen arewa maso gabas inda iskar ke shigowa. Bargon maigida ma ya shiga lissafi, har yanzu yana tsammanin yara ne suka ɗauka.

Shida na safe 39. Wajen goma tsamin ya fito tas, irin mai tsinka yawu. Na yi dahuwa ta biyu, na bari ya huce zuwa 28, amma wannan karon ban zuba tsohuwar burukutun da sanyinta ba, sai da na haɗa ta da ludayi biyu na ruwan zaƙin a ƙwarya na ajiye a ɗaki har ta fara motsi sannan na zuba, randar ta koma cikin ƙaiƙayinta ba toka. Kumfar ɗazu ke nan.

Abin da ban shawo kansa ba ƙura ce, duk rufin da na yi sai na ga jan gari a bakin randar. Gobe da yamma Mama za ta fara ɗanɗanawa, in ta ajiye ƙwaryar ba ta ce komai ba na san na ci. Saura mudu 5 na tsiro a buhu, itace dai sai albashi ya shigo.