Litinin ɗin New Orleans, da kanwa a jakata

Jirgin ƙasan ya bar Shikago zuwa New Orleans wajen ƙarfe takwas na daren Asabar, ni da Yaya da matarsa. Tafiyar kusan awa 19 ce, kuma ni na nace a hau shi maimakon jirgin sama, don ina so in ga ƙasa. Rabin tafiyar ban ga komai ba sai fuskata a gilashi. Asuba ta riske mu a Memfis, muka ratsa jihar Misisipi da hantsi, gonaki da ƙananan garuruwa masu tankin ruwa a sama. Sai da muka shiga Luwiziyana idona ya buɗe: layin dogo ya hau kan fadama, ruwa hagu ruwa dama, bishiyoyi tsaye tsamo-tsamo a ciki da wani farin gansakuka yana reto a rassansu kamar gemun tsoho. Daga nan tafkin Pontchartrain ya bayyana, ba a hango ɗaya gaɓar.

Gidan surukar Yaya muka sauka, a unguwar Gentilly. Kowa Mama yake ce mata, ni ma na bi sahu. Gidan dogo ne siriri, ɗaki bayan ɗaki, kana bakin ƙofar gaba kana hango ta baya. Kafin in ajiye jaka ta nuna mini wani wuri a jikin garu, sama da kaina, inda ruwa ya tsaya lokacin guguwar Katrina a 2005. Ba ta ƙara komai a kai ba, ta wuce madafa ta juye jan wake a babbar roba, ta tsince, ta zuba ruwa ya sha kansa. Ta ce gobe Litinin.

Na ɗauka wani baƙo za a yi. Ashe Litinin ɗin ce kawai. A garin nan tun zamanin kakanni Litinin ranar wanki ce, lokacin da ake tafasa ruwa a yi ta cuɗar kaya da hannu wuni guda. Matar gida ba ta da sararin tsayawa kan murhu, sai ta jefa ƙashin naman da ya rage na ranar Lahadi cikin tukunyar wake, ta rage wuta, ta koma bakin wankinta. Yanzu inji ke wanki, amma waken bai bar Litinin ba. Gidajen abinci ma ranar suke rubuta shi a allon bakin ƙofa.

Ni kuwa 'yar Kano ce, garau-garau ba baƙona ba ne, don haka da safe na shiga madafa da ƙarfin gwiwa. Abin da ya fara rage mini kuzari shi ne waken kansa. Ba irin namu ba ne. Ja ne wur, manya, sifar ƙoda, fatarsa da kauri. Ledar da ya zo a ciki an rubuta Camellia, wani kamfanin garin da ke sayar da wake tun 1923, kuma Mama ta ce ko kyauta aka ba ta wani ba za ta karɓa ba.

Sai maganar nama. Asalin girkin da alade ake yinsa, da ƙashin cinya da wani kyafaffen sosej da suke kira andouille. Mama ta san da zuwanmu, tun ranar Juma'a ta aika wani shagon halal aka sayo sosej na naman sa da kyafaffiyar cinyar talotalo. Ta ce, "Ɗiyata, ba alade wake ke nema ba, hayaƙi yake nema." Na yarda da ita nan take, domin duk wanda ya taɓa jefa kifi banda a miya ya san abin da take nufi.

Ta yanka sosej ɗin ƙwaya-ƙwaya, ta soya a tukunyar ƙarfe mai nauyi har gefensa ya yi duhu, ta kwashe. A cikin man da ya tsatso ta zuba albasa, koren tattasai da seleri, an yanka su ƙanana. Waɗannan ukun su ne tushen kusan kowace miyar garin, kamar yadda jajjage yake a wurinmu. Da suka yi laushi ta ƙara tafarnuwa, ganyen bay, tayim da ɗan jan barkono, sannan wake, cinyar talotalo, da ruwa. Ya tafasa sau ɗaya, ta rage wuta har sai ka kasa kunne za ka ji tukunyar tana ɓul-ɓul.

Bayan awa ɗaya na buɗe, na latsa ƙwaya ɗaya, tana nan da ƙarfinta. Na lallaɓa ɗaki na ciro ƙullin kanwa da ba na tafiya ba tare da shi ba. Ina ƙoƙarin ɓantara Mama ta shigo da kwandon wanki a hannu. Na yi mata bayani cewa ɗan wannan zai nunar da waken cikin minti ashirin. Ta karɓa, ta shinshina, ta ɗan lasa, ta yamutsa fuska, ta mayar mini a tafin hannu ta naɗe yatsuna a kai. Ta ce, "To in ya nuna cikin minti ashirin, wa zai gama mini shanya?" Yaya yana falo yana ta dariya, bai ko taso ya cece ni ba.

Tunda an kore ni daga madafa, matar Yaya ta ɗauke ni a mota zuwa unguwar Tremé. Akwai wani fili a can, Congo Square, inda a zamanin bauta bayi ke taruwa ranar Lahadi su yi kasuwa da kiɗa da rawa. Faransawa ne suka kafa garin a 1718, kuma yawancin bayin farko daga yankin Senegal da Gambiya aka kwaso su, mutanen da suka san noman shinkafa tun a gida. A 1809 kuma dubban 'yan gudun hijirar Haiti suka iso ta Kyuba, su ma masu cin wake da shinkafa ne. Filin yana cikin lambun da aka sa wa sunan Louis Armstrong, mai busa ƙahon nan ɗan garin, wanda son waken nan ya kai shi har yana rufe wasiƙunsa da ambaton jan wake da shinkafa. Zafin garin mai danshi ne, irin na Legas, ban jima ba na ce mu koma.

Mun tarar an kusa awa uku. Mama ta tsame cinyar talotalo, ta zare naman ta mayar, ta juye sosej ɗin. Sai ta miƙo mini ludayin katako ta ce in riƙa murje waken a jikin tukunya, kamar kashi ɗaya cikin huɗu. A nan na gane kuskurena tun farko. Mu garau-garau muna so kowace ƙwaya ta tsaya da kanta, sunan ma ya faɗa. Su kuwa so suke wake ya narke ya zama miya, mai kauri da santsi, ruwan ƙasa-ƙasa, har ludayi ya bar hanya in ka ja shi. Gishiri sai a ƙarshe, don naman ya riga ya saki nasa. Shinkafar daban aka dafa, fara, mai dogon ƙwaya, a warware.

Aka zuba waken a faranti, aka ɗora shinkafa a tsakiya, aka barbaɗa ganyen albasa. Kowa ya ɗiga ruwan barkono mai tsami daga kwalba. Ni dai tsamin bai yi mini ba, na koma jakata na ɗauko yajin ƙuli. Wannan karon Mama ba ta hana ba. Ta lakata a bakin cokali, ta yi shiru, sannan ta jawo robar gabanta. Da za mu tafi ranar Laraba ban same ta a inda na ajiye ba, ban kuma tambaya ba. Kanwar ce kawai ta biyo ni Shikago.