Sai Na Ga Motar Tukuna

Duk wanda ya shigo shagona a Jidda yana neman kariyar ɗaukar keke a mota, tambayar da nake fara yi masa ita ce: ina motar? In ya ce tana gida, sai in ce ya je ya zo da ita, har da keken in da hali. Wasu kan ji haushi, su ga kamar ina ja musu rai ne. Akwai dalili.

A hannun mahaifina na koyi walda. Kakanmu daga ƙasar Kano ya taso a ƙafa, ya yi shekaru yana aikin auduga a Jazira ta Sudan, sannan ya tsallako Bahar Maliya daga Sawakin. Mun daɗe muna ƙera kariyar saman mota ga masu jigilar alhazai, lokacin da keke na yara ne da masu kai saƙon kanti. Kasuwar ta juya mana a 2020, da korona ta rufe wuraren motsa jiki, magidanta suka sayi kekuna suka cika Kornish, titin bakin teku. Mata ma, da aka ba su damar tuƙi a watan Yunin 2018, suka fara zuwa da motocinsu suna tambaya da kansu. Sai na rage walda, na koma sayar da kariyar keke da ɗaura ta.

A farkon nan ne na yi kuskuren da har yau yake damuna. Wani magidanci ya zo a tasi, na sayar masa da irin wadda ake ɗaurewa a bayan but da ɗamara, ban ga motarsa ba. Ashe saman ƙofar bayanta akwai fiffiken roba, a jikinsa ya maƙala ƙugiyoyin. A hawan Hada, kan hanyar Ɗa'ifa, robar ta ɓalle, kekuna biyu suka zube a kwalta. Allah Ya tsare babu mota a bayansa. Na biya shi kuɗin kekunan, amma da an rasa rai, da me zan biya?

Irin ta but ɗin ita ce mai araha, ita masu Accent da Camry suka fi saye, kuma ba laifi in kekunan marasa nauyi ne, ƙugiyar kuma ta kama bakin ƙarfe. Rauninta ɗamara. Ranar Jidda da gishirin iskar teku ba sa barin nailan ya yi tsawon rai. Nakan kama ɗamarar mai ciniki in murza ta da babban yatsa a gabansa. In launinta ya koɗe, ta yi ƙanƙam, wani farin gari ya biyo yatsana, to ta mutu, ko da ido na ganinta lafiya lau. Shi ya sa nake roƙon mutane su kwance ta in sun dawo, kar ta wuni a rana mako guda. Sannan a goge but kafin a ɗora, domin yashin da ya shiga ƙarƙashin matashin roba yana cin fenti kamar samfefa.

Wadda na fi yarda da ita ita ce mai shiga ƙarfen jan tirela. Wani ramin ƙarfen inci 2 ne, wani inci ɗaya da kwata, motocin Turai kuma galibi dunƙule gare su mai milimita 50. Ba sa shiga juna, ga wani dalilin ganin mota ke nan. A kanta keke yana tsaye ne bisa tayoyinsa, ba ya lilo, ba ya gogar ɗan'uwansa. Sai dai a yi lissafi: littafin mota ya faɗi nauyin da ƙarfen zai ɗauka, kuma nauyin kariyar kanta yana ciki. Keken lantarki ɗaya kan haura kilo 20.

Kwanan baya wani dattijo ya zo da irin waɗannan guda biyu, yana son ta but.

Na ce, "Baba, ba za ta ɗauka ba. A sa ƙarfe tukuna."

Ya ce, "Ɗana, daga nan zuwa Abhur ne fa kawai."

Na ce, "Baba, rami ɗaya a hanya ya isa." Ya tafi ransa a ɓace, bayan kwana uku ya dawo aka sa ƙarfen. Na nuna masa ya riƙa cire batir yana sa shi cikin mota, nauyi ya ragu, batirin kuma ya huta da zafi.

Abu biyu nake durƙusawa in duba kafin mota ta bar ƙofar shago. Na farko salansa: in tayar keke ta sauko daidai bakinta, hayaƙi zai narkar da ita kafin a kai rabin hanya. Na biyu lamba da fitilun baya. Rufe lamba laifi ne a wurin 'yan murur, wato 'yan sandan hanya, tara kuma ta waya take iske mutum.

Ta saman mota tana barin baya a sake, amma tana shan mai, iska na kaɗa ta, kuma ɗaga keke kan Land Cruiser ba wasa ba ne. Babban haɗarinta mantuwa, a shiga fakin na ƙarƙashin gini da keke a sama. Ina ba masu ita jar takarda su liƙa kusa da sitiyari. Mai keken kabon kuma, wato wanda jikinsa ba na ƙarfe ba ne, na kabon faiba ne, ya nemi wadda ke riƙe taya, don matse jikinsa na iya tsaga shi.

Masu Hilux kuwa, ba na sayar musu da komai sai shimfiɗar soso ta ƙofar baya, a rataya tayar gaba a kanta a ɗaure.

Kowa ya tashi tafiya, ina ce masa in ya yi minti goma a hanya ya tsaya ya girgiza keken, ya ƙara jan ɗamara, domin takan saki a farkon tafiya. Ranar Alhamis da yamma, da masu shirin fita da asubar Juma'a suka yi layi, ni da yarona mukan maimaita wannan maganar har a kira isha'i.