Kwalin shayi da reza

Jiya da daddare ina ta latse-latsen waya sai na ci karo da aikin wani ɗan Japan da ake kira Harukiru, wallahi sai da na tashi zaune. Bawan Allahn nan kwalin kayan ƙwalama da muke watsarwa a bola shi yake yankawa ya mai da shi mutum-mutumi, har na Pringles ya mai da shi wani ɗan gayu mai gashin baki sanye da kwat, kuma kalar kwalin da rubutun jikinsa su ne adon.

Dama yankan takarda tsohon abu ne a wajen mutanen Japan, kirie suke ce masa, a zana hoto a takarda ɗaya a bi shi da wuƙa ana cire ƙananan gurabe amma komai na haɗe da juna, in ka yanke layi ɗaya da bai kamata ba shikenan aiki ya ɓaci. Takardarsu ta gargajiya washi daga ɓawon itace ake yin ta, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ma ta sa sana'ar yin ta cikin jerin al'adun da aka gada kaka da kakanni a 2014.

To ni ma fa na ce bari in gwada. Na ɗauko kwalin Lipton da sabuwar reza wai zan fitar da zakara, minti goma ban yi ba na yanke ɗan yatsa, wuyan zakaran kuma ya guntule. Ƙanwata ta leƙo ta ce Yaya wannan kaza ce ko buta?