Mugun hali ko taɓin hankali: aikin masanin halayya a gaban alƙali

Idan alƙali mai bincike ya aiko da wanda ake tuhuma a duba masa ƙwaƙwalwa, tambayarsa guda ce: lokacin da ya aikata abin nan, yana cikin hankalinsa ko kuwa? Dokarmu ta Nijar ta gaji wannan daga dokar Faransa, inda wanda hankalinsa ya gushe a lokacin aikin ba a ɗora masa laifi. Gurɓacewar hali kuwa, wadda ita ce ta fi yawa a gidajen kaso, ba ta ɗauke wa mutum alhaki. Ya san abin da yake yi. Horon da ake ba masanin halayyar ɗan Adam a wannan fanni kusan dukansa kan raba waɗannan biyun ne.

Litattafai biyu ake koyo da su. DSM-5 na likitocin Amurka, wanda ya fito a 2013, ya lissafa gurɓacewar hali iri 10 a rukuni uku. ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya, da ya fara aiki a 2022, ya watsar da yawancin sunayen, ya koma auna tsanani: mai sauƙi, matsakaici, mai tsanani, sannan a faɗi wane hali ne ya fi rinjaye cikin biyar. A ganina na biyun ya fi dacewa da mu, don alƙali ya fi fahimtar "mai tsanani" a kan wani dogon suna na Girkanci.

Sai ma'aunai. PCL-R na Robert Hare, mai auna halin rashin tausayi da rashin nadama, abubuwa 20 ne, kowane ana ba shi 0, 1 ko 2, jimilla 40. A Amurka da Kanada daga 30 ake ɗaukar mutum marar imani na ainihi, a Ingila sukan yi amfani da 25. HCR-20 shi kuma haɗarin sake tashin hankali yake aunawa: abubuwa 10 daga tarihin mutum, 5 daga halin da yake ciki yanzu, 5 daga abin da zai tarar idan an sake shi. Koyon cike su ba wuya. Wuyar ita ce an gina su ne kan fursunonin ƙasashen da kowa ke da fayil tun yana yaro, kuma PCL-R bai halatta a cike shi da hira kaɗai ba.

A Maradi fayil ɗin nan sau da yawa babu shi. Wani takardar haihuwarsa ma "wajajen shekara kaza" ta ce. Ga shi kuma sharaɗin DSM-5 na halin ƙin bin doka ya ce sai mutum ya kai 18, kuma alamun sun bayyana kafin ya kai 15. Wa zai tabbatar? Yaron da aka kai almajirci Katsina ko Kano yana ɗan shekara bakwai ba shi da littafin lakkol. To sai mai duba ya tashi ya nemi mutane: uwa, kawu, mai unguwa, malamin allo, ubangidan da ya koya masa sana'a, ganduroban da ke ganinsa kullum. Aƙalla majiya biyu da ba su haɗa baki ba, kowace a ji ta ita kaɗai. Uwa za ta rufa asiri, kishiyar uwa za ta ƙara gishiri, duka biyun a rubuta su a kwatanta.

Inda sabon masani ya fi tuntuɓe shi ne al'ada. Saurayin da ya sunkuyar da kai, bai kalli babba a ido ba, yana amsawa da "to" da "haka ne", kunya ce da ladabi, amma takarda tana iya karanta shi a matsayin sanyin zuciya. Wanda ya ce "ƙaddara ce" ba lallai ya rasa nadama ba. A tambaye shi me ya yi wa iyalan wanda ya cuta, ko ya aika a ba da haƙuri. Maganar iskoki da sammu a garin da bori ke da tushe kamar Maradi ba hujjar ruɗewar tunani ba ce, sai in danginsa da kansu sun ce abin nasa ya wuce na kowa. Sai tramol da sholisho: mai shan su yakan nuna fushi da rashin haƙuri irin na gurɓataccen hali, don haka ba a yanke hukunci a zama ɗaya. A sake ganinsa bayan makonni, jikinsa ya washe, a ga abin da ya rage.

Harshe ma tarko ne. Hira da Hausa, rahoto da Faransanci, kuma a tsakani kalma kamar "zuciya" tana iya zama fushi, ƙarfin hali ko niyya. A rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta, fassara ta biyo baya. Kada ɗan sanda ko jandarman da ya kawo shi ya zama tafinta.

Kafin a fara hirar dole a faɗa masa a fili cewa wannan ba magani ba ne, abin da ya faɗa zai je gaban alƙali. Shi ya sa wanda ke yi wa mutum magani bai kamata ya rubuta masa rahoton kotu ba, ko da yake ƙarancin ma'aikata yakan sa a haɗa biyun. Ɗalibin da ya gama karatun halayya a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai yana bukatar ya zauna gefen ƙwararre, su duba mutum ɗaya, kowa ya ba da makinsa a ɓoye, sannan su kwatanta. Idan tazarar ta yi yawa a PCL-R, a koma kan kowane abu ɗaya bayan ɗaya a ga wace hujja ce ɗayan ya gani ɗayan bai gani ba.